Mutumin da Ya Saurari Inji da Haƙori

Maigidana direba ne, kuma in na ce direba ba irin waɗannan masu figar mota kamar an biyo su da sanda nake nufi ba. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa, tun kafin in san shi, don ba a haifi wanda zai sa shi gaggawa ba. Ka yi ta danna masa hon har yatsanka ya ƙage, shi dai zai fito da hannu ta taga ya yi maka alamar ka wuce, Allah ya kai ka lafiya. Aikinsa ɗaya ne tun yana saurayi. Ya ɗauki kayan masu kantuna daga cikin gari ya hau da su ƙauyukan kan dutse, ya sauko da zuma da ƙwai da dankali, wani lokaci har da marar lafiya kwance a baya. Hanyar kuwa, ana ce mata hanya ne don an rasa sunan da za a ba ta. Da rani duwatsu, da damina taɓo har gwiwa, ga rafi a tsakiya babu gada. Ƙaramar mota ba ta ko gwada zuwa, sai mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke ce wa fowil.

Tasa fara ce a ranar da ya sayo ta, daga baya ta koma launin hanya. Injin dizal ne da ita, na tsohon yayi, wanda babu kwamfuta a jikinsa, babu wayoyi barkatai. Ƙarfe ne da famfo da bututai, shi ke nan. In ya tayar da ita da safe kofunan da ke kan kantata sai sun yi rawa. Na yi mitar warin dizal a kayansa har na gaji na bari, don na lura in ban ji warin nan a wanki ba to ba shi da lafiya ne.

Abin da ya yi suna a kansa shi ne kunne. Ba na ƙara gishiri, mota za ta wuce ta ƙofar gida muna cin abinci, ya dakata da cokali a hannu ya ce, "Wannan ba za ta kai ƙarshen wata ba." Kuma ba za ta kai ba. Makanikai sukan aiko masa in inji ya gagare su, ya je ya tsaya hannu a baya, kai a karkace, ya ce a buɗe nan. A buɗe a tarar. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba, sai dai ya dawo gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani. Yakan ce injin dizal ba ya mutuwar fuju'a, sai ya yi ta faɗa maka inda ke masa ciwo tun da sauran lokaci, in dai kana da kunnen ji. A duk tsawon shekarun nan motarsa ba ta taɓa kwana a daji ba, kuma duk wanda ya zauna da shi ya sha wannan labari har ya haddace.

To, kunnen ne ya tafi.

Ba rana ɗaya ya tafi ba, da kaɗan-kaɗan ya zare jiki. Na fara lura da rediyo, yadda yake ƙure shi har maƙwabta su san labaran duniya kyauta. Sai kuma ya koma amsa komai da "To, madalla." Wata rana na tsaya a bayansa yana ɗaure takalmi, na ce, "Malam, na sayar da akwatin sifanoninka ga masu gwangwani." Ya ce, "To, madalla." Mutumin da in jika ya taɓa sifana ɗaya sai gidan ya ɗauka! Dariya ta zo mini, amma ba ta fito ba, don a take jikina ya yi sanyi.

Da na same shi da maganar, sai cibi ya zama ƙari. "Kunnena me ya yi? Ke ce kika koyi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma." Ni! Ni da in na kira yaro daga ɗakin girki sai yaran gida uku sun amsa. Na ce mu je a duba shi, ya ce likita ya duba masu ciwo. Na ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na ƙyale shi, amma ba don na haƙura ba.

Ana nan sai ga shi wata la'asar an jawo motar da igiya, shi yana zaune a ciki yana riƙe da sitiyari, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa. Injin ya buga a tsakiyar hawa. Bakaniken da ya buɗe shi ya ja ni gefe ya ce, "Inna, injin nan ya daɗe yana kuka. Ko almajirin gareji zai ji. Yaya aka yi Baba bai ji ba?" Na ce ya je ya tambaye shi in yana da ƙarfin hali. Shi kuwa Malam abin da ya ce wa kowa shi ne inji ma yana da ajali.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne labarin da matar wani mai kanti ta kawo mini har gida. Ta ce kafin injin ya buga, wata rana suna gangarowa a motar Malam tana kujerar gaba, wata babbar motar yashi ta biyo su birkinta ya tsinke. Direban yana ta hon, yana ta ihu, Malam ko a jikinsa, yana tsakiyar hanya yana tafiyarsa ta sannu-sannu. Sai da ta finciki hannun rigarsa ta nuna masa madubi sannan ya kauce, motar ta wuce su da ƙyar kamar ta shafi fenti. Ta ce, "Yaya, don Allah ki yi wani abu." Tun daga ranar tsoro ya shige ni, tsoro na gaske, cewa wata rana ba mota za a jawo mini da igiya ba, shi za a kawo mini a kwance.

Muna da wanda zai karɓe shi, ba wai babu ba. Autanmu direba ne shi ma, magidanci da 'ya'yansa biyu, yana raba burodi a cikin gari da motar gidan burodi. Hannunsa yana da sanyi a kan sitiyari, yana karanta taɓo kamar ubansa, don tun yana makaranta yake bin sa in an yi hutu. Ya sha roƙon a ba shi hanyar dutse. Amsar uban kullum ɗaya ce: "Kana da hannu, ba ka da kunne. Hanyar nan ba ta mai hannu kaɗai ba ce." Gaskiya kuma ya faɗa. Auta in ya shiga mota abin da yake fara taɓawa rediyo ne, kuma ko tukunya ce ke tafasa a ƙarƙashin bonet ba zai bambanta ta da inji ba.

Aka sayar da gawar tsohuwar, muka haɗa da abin da muka tara, Malam ya ce gobe zai je ya zaɓo wata. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ya dube ni ya ce me na sani a kan mota. Na ɗaga murya yadda zai ji na ce na san wadda ke dawo mini da miji da wadda ba ta dawowa da shi. A raina kuwa na riga na yanke, in ya sayo ya ce shi zai ci gaba da hawa dutsen nan, to makulli zai ɓata, in an yanko wani shi ma ya ɓata, har sai an gaji. Da za mu fita ya sa aka kira Auta, wai ya zo ya riƙe masa tocila.

Da sassafe muka isa filin dillalin, tun masu shara ba su gama ba. Da gangan Malam ya yi haka. Ya ce injin dizal da safe yake faɗin gaskiya, in ya yi zafi kowane ɗan banza lafiyayye ne. Dillalin wani mai ƙaton agogo ne da baki kamar an zuba zuma, ya fito yana gyara hula yana "Baba Sannu-Sannu da kansa! Yau filina ya yi albarka." Malam bai ji ba, ya ce masa to, madalla, ya wuce ya fara bin motocin yana ɗora tafin hannu a kan kowane bonet. Wata ya ji ta da ɗumi, ya dubi dillalin ya girgiza kai, bai ƙara kallonta ba. Dillalin ya yi 'yar dariya ya ce yaran ne suka matsar da ita.

Fowil uku suka rage. Ta farko mai fetur ce, baƙa, tana sheƙi, kujerunta kamar na falo. Ni dai ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Malam ko ƙofarta bai buɗe ba. Ya ce wannan za ta shanye ribar tafiya tun kafin a kai rafi, in an kai rafin kuma ruwa ya taɓa mata fulogi ta tsaya a tsakiya tana kallon mutane. Dillalin ya fara wani bayani, Malam ya riga ya yi gaba.

Ta biyu na ganta gabana ya faɗi. 'Yar'uwar tsohuwarmu ce sak, injin iri ɗaya, har lotsawar ƙofar baya kusan wuri ɗaya. Fuskar Malam ta washe kamar ya haɗu da abokin ƙuruciya. Ya sa aka tayar da ita, ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon hayaƙin salansa. Yana yi yana koya wa Auta da ƙarfi, don shi a ganinsa a hankali yake magana: shuɗin hayaƙi inji na shan baƙin mai, fari mai daɗewa ko ruwa ko nozul, baƙi kuma in ya fito sau ɗaya ya wuce ba laifi ba ne, gyaran murya ne. Ya dawo gaba ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin bai ɗaure ba, ya tsaya ya ga ko iska za ta ture shi. Murfin ya ɗan yi rawa ya zauna. Ya ciro sandar awon mai ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya leƙa lagireto ya ga ko ruwan na kumfa. Ya shiga ƙarƙashi da tocila, da tsufansa da komai, sai tafin takalmansa muke gani.

Saura abu ɗaya, kuma duk wanda ke wurin ya san shi ake jira. Yaran filin har sun taru, don sun ji labarin mutumin da ke gane ciwon inji da kunne. Malam ya fito daga ƙarƙashi ya karkaɗe riga, ya ciro doguwar sukudireba daga aljihu. Yadda ake yi, a ɗora bakinta a jikin inji, a kara ƙotar a kunne. Ya ɗora, ya kara a kunnen dama. Ya daɗe. Ya mayar hagu. Ni da na san fuskar nan fiye da tawa, na ga babu abin da ke isa gare shi. Wuyansa ya fara gumi da sanyin safiyar nan. Na kama bakin mayafina na murɗe, ina cewa a raina, ya Allah kada ka kunyata bawan nan a gaban yara.

Sai na ga ya goge ƙotar sukudireban da gefen riga, ya sa ta a baki ya cije da turamen haƙoransa, ya rufe ido.

Wurin ya yi tsit, sai kukan inji. Ya ɗaga bakin ƙarfen daga nan ya ɗora can, ya bi injin gaba da baya, kumatunsa na karkarwa. Ashe motsin ƙarfe yana bi ta haƙori ya shiga ƙashin kai, ya isa inda kunne ya daina kai shi. Wa ya koya masa, yaushe ya gano, ban sani ba har yau. Da ya gama ya tofar da yawu ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Famfon nan ba a taɓa buɗe shi ba." Dillalin ya tafa hannu ya ce wa yaransa, "Kun gani ko? Wannan shi ne aikin manya!" Na ji daga baya har yanzu akwai yaran da ke cizon sukudireba a filin nan, suna zaton sirrin sana'a ne. Ni kuwa a lokacin alfahari da baƙin ciki suka haɗe mini wuri ɗaya. Na ga gwanintarsa, na kuma ga ya samo hanyar da zai ci gaba da ɓoye abin da ke neman kashe shi.

Ta uku dizal ce ita ma, amma ta zamani, ruwan toka, mai kwamfuta. Irin waɗanda Malam ya shekara yana zagi a teburin cin abinci. Yakan ce inji ne mai zaɓen abinci, ɗigon ruwa ɗaya a cikin mai ya isa ya kwantar da shi, in ya kwanta kuma babu bakaniken ƙauyen da zai tashe shi da waya da filaya, sai an kawo na'ura daga gari. Na ɗauka wucewa zai yi. Sai na ga ya yi mata duk abin da ya yi wa waccan, hayaƙi, murfi, lagireto, ƙarƙashi, har cizon. Ya daɗe yana tambayar dillalin inda ake samun kayan gyaranta, da wanda ke da na'urar dubata, yana kallon bakin mutumin yana gyaɗa kai. Ya ce ita ma lafiya take, sai dai da tsohuwar zuma ake magani. Dillalin ya fara murmushi, ya san inda ciniki ya nufa. Ni ma na sani, na fara tunanin inda zan jefa makulli.

Malam ya ce sai an gwada su a hanya. Ya aiki Auta ya sayo mana ruwan sha a bakin titi. Yana ba da baya, Malam ya ce wa dillalin, "Ba ni sifana. Zan taɓa abu, zan kuma mayar, kada ka ce komai." Ya sunkuya a kan tsohuwar, wato ta biyun, ya sassauta noti ɗaya na bututun da ke kai mai cikin inji, kaɗan, ba da yawa ba. Ya je wurin ta zamanin ya zare wata 'yar waya kusa da matatar iska. Ya rufe bonet biyun ya goge hannu. Ya dube ni ya ɗora yatsa a leɓe.

Da Auta ya dawo uban ya ce masa gwiwarsa na ciwo, shi Auta ya ja motar. Bayan filin akwai wata hanyar masu ɗiban yashi, ramuka da tudu, nan muka nufa da tsohuwar. Uban na gaba, ni ina baya. Tun kafin mu fita ƙofa na ji ta. Ni da ban san komai a kan mota ba, amma na yi shekara da shekaru ina jin irin injin nan yana tashi a ƙarƙashin tagata, na ji tana ɗingishi, kamar mai tafiya da tsakuwa a takalmi. Malam ma ya ji ta a kujera, na ga yadda ya dafa cinyarsa. Auta kuwa ya sa giyar ƙafa huɗu, ya haye tudun nan tsaf, ya bi ramuka ko kaina bai bugu ba, tuƙi dai mai kyau. Muka dawo.

"Yaya ka ji ta?" in ji uban.

"Garau take, Baba. Akwai ƙarfi."

"Ba ka ji komai ba?"

"Ƙarar dizal dai, irin ta gida."

Malam ya ce a koma ɗayar. Auta ya murɗa makulli, ya kai hannu zai sa giya, sai ya tsaya. Ya nuna gaban motar. "Baba, dakata. Akwai fitila a kunne, ga ta nan ruwan ɗorawa. Wani abu ba daidai ba a injin." Uban ya ce ya rabu da ita, ƙila wasan yara ne, mu je. Auta ya ce a'a, shi ba zai motsa ba sai an duba, ya kashe motar ya fita ya buɗe bonet. Bai san me yake nema ba, amma ya bi wayoyin da ido ɗaya bayan ɗaya har ya ga wadda ke lilo, ya mayar da ita. Ya sake tayarwa, fitilar ta mutu. Ya juyo yana hararar dillalin, bawan Allah yana ta rantsuwa ba shi ba ne.

Malam ya sauko a hankali. Ya karɓi sifana ya je ya ɗaure notin tsohuwar, ya nuna wa Auta inda man ya jiƙa ƙarfe. Kunya ta kama yaron, ya sunkuyar da kai, ya fara "Baba, wallahi ban..." Uban ya ɗaga masa hannu.

"Matso nan. Tsaya a gabana in riƙa ganin bakinka."

Auta ya matso. Dillalin da yaransa suna tsaye, ba wanda ya kauce, Malam kuma bai ce su kauce ba.

"Ba don in kunyata ka na yi ba. Kai ba ka ji ba don ba ka iya ba. Ni kuwa na iya, amma rabona da jin kukan inji da kunnena yau damina biyu ke nan." Muryarsa ta cika filin, don bai san ƙarfinta ba. "Waccan da aka jawo da igiya ba ajali ya kashe ta ba, ni na kashe ta. Ta yi ta kirana ban ji ba. Uwarka ta faɗa mini, na ce ƙarya take."



Ya dafa bonet ɗin tsohuwar. "Wannan ta fi waccan ƙarko, ko gobe aka tambaye ni haka zan ce. In da ni zan tuƙa, ita zan ɗauka, ko da haƙori zan riƙa jin ta. Amma da kunne take magana, kuma gidanmu yanzu babu mai kunne sai uwarka, ita kuwa ba ta da lasin." Yaran suka kwashe da dariya, ni ma na yi, da hawaye a fuskata. "Waccan da ido take magana, kai kuma kana da ido, ka kuma ƙi motsawa da na ce ka motsa. Wannan nake so in gani. Ita za mu ɗauka."

Auta ya ce, "Baba, wa zai..."

"Kai mana. Ko burodin ya fi maka?"

Amma Sannu-Sannu ba ya ba da abu babu sharaɗi. A tsaye a wurin ya zayyana su, dillalin ya zama shaida. Kafin motar ta taka dutse sai an ƙara mata matatar mai ta biyu, irin mai kwalbar gilashi a ƙasa, wadda in akwai ruwa a cikin dizal za a gan shi kwance, kuma kullum da safe Auta zai tsuguna ya duba. Ba za a sha mai a ko'ina ba sai gidan man da shi Malam ya yarda da shi. Man jarka na bakin hanya kuwa, ko kyauta aka ba shi, ya ce na gode ya wuce. In fitila ta kama, a tsaya, ko da kayan waye a baya. Rediyo kuma a rage shi a gangara. Auta yana ta "To, Baba. To, Baba," yana share ido da bayan hannu, ƙato da shi.

Na ga mutumin nan ya haye rafi ruwa na dukan ƙofa. Na ga ya sauko da mai naƙuda daga kan dutse cikin ruwan sama, ya kai ta asibiti da ranta da na ɗanta. Duk na yi alfahari da shi. Amma ban taɓa jin ya cika mini ido irin na ranar nan ba, da ya tsaya a gaban yaran da suka taru don su ga gwanin kunne, ya ce musu da bakinsa kunnen babu.

Aka gama ciniki da takardu rana ta ɗaga. Dillalin ya kawo makulli da hannu biyu ya miƙa wa Malam. Ya karɓa, ya juya shi a tafinsa, ƙafarsa ta ɗauke shi ta nufi ƙofar direba da kanta. Har ya kama murfin ƙofar. Sai ya saki, ya miƙa wa Auta makullin ba tare da ya dube shi ba, ya zagaya ta gaba ya shiga ɗaya gefen. Na shiga baya.

Da muka hau titi ya zauna a miƙe kamar wanda aka kai gaban alƙali. Hannu ɗaya ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa. Duk mahaɗar da muka zo sai in ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa, tana neman birkin da babu shi. Ya ce wa Auta ya yi hankali da mai keke, alhali Auta ya riga ya kauce masa. Ya ce giyar ta yi sama. Auta dai "To, Baba." Muka wuce kasuwa, muka wuce gidan man, maganar ta fara raguwa. Hannun ya sauko daga mariƙin ya koma kan cinya. Muna shiga layinmu na ji wani sauti da ba na inji ba, na leƙa.

Barci yake yi. Kai ya jingina da gilashi, baki a ɗan buɗe, har da minshari. Mutumin nan tunda nake da shi bai taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba, ko ta haya ce, ko tafiyar yini guda ce, idonsa na kan hanya ƙafarsa na kan birkin da ba nasa ba.

Auta ya rage gudu zai tsaya a ƙofar gida, ya dube ni ta madubi. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Zarce. Kada ka kuskura ka tsaya."

"Ina za mu, Inna?"

"Ko'ina. Mai ne dai, a ƙona shi."